Mai son zama likita

In aka tambayi ƴan aji abin da suke so su zama in sun girma, ba a rasa mai cewa likita. Wani ya ce lokotoro, duka ɗaya ne. Buri ne mai kyau, kuma ƙasa tana bukatar masu irin wannan buri. Nijar tana cikin ƙasashen da likitoci suka fi ƙaranci a duniya. In aka raba jama'ar ƙasa ga likitocin da ke akwai, likita guda zai tashi da mutum fiye da 10.000, kuma yawancin likitocin suna Yamai da manyan garuruwa. Akwai ƙauyukan da sai an aza marar lafiya bisa amalanke, an sha doguwar tafiya, kafin a kai ga mai duba shi.

Sai dai hanyar tana da tsawo. Shekara 6 a firamare, shekara 4 a kolej, a yi jarrabawar BEPC. Sa'an nan shekara 3 a lise, a yi jarrabawar bak. Shekara 13 ke nan, in ba a maimaita aji ba. Bayan haka karatun likita shi kanshi yana cin shekara 7 ko fiye. Yaron da aka sa makaranta yana da shekara 7 ba zai fito likita ba sai ya kai 27, ko ya wuce.

A zamanin mulkin mallaka, ɗan Nijar mai son wannan karatu sai ya tafi Dakar, inda aka buɗe makarantar likitoci a 1918. Bayan samun ƴancin kai ma an ci gaba da tura ɗalibai ƙasashen waje. Sai a 1974 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a jami'ar Yamai. Daga baya jami'ar Maraɗi da ta Damagaram su ma suka samu nasu sashen.

Duk da haka ƙofar ƙarama ce. Masu nema suna da yawa, wuraren zama kaɗan ne, domin ba a koyon likita a cikin aji kaɗai, sai an tsaya bakin gadon marar lafiya tare da babban likita. Saboda haka ake tace masu nema. A wasu makarantu ana duba makin da ɗalibi ya samu a bak, a wasu kuma a sake yi mashi jarrabawar shiga. Ko ta wace hanya aka bi, darussa huɗu ake zuba ma ido: ilimin halittu, da shimi, da fizik, da lissafi. A Najeriya ma, mai son shiga makarantar likita a Sakkwato ko Kano ko Zariya sai ya rubuta ilimin halittu da shimi da fizik a jarrabawar shiga jami'a.

A lise ne hanya take rabuwa. Akwai sashen A na adabi da harsuna, akwai sashen C da na D na kimiyya. Wanda ya bi sashen A ya rufe ma kanshi ƙofar makarantar likita, ko da bai sani ba. Yara da yawa suna bin shi don tsoron lissafi kawai, tsoron da ya samo asali tun daga aji uku na firamare, ranar da rabawa ta gagare su kuma suka ji kunyar tambaya.

A jarrabawar bak darussa ba su da nauyi ɗaya. Ana ba da maki bisa 20, sa'an nan a ninka makin kowane darasi da nauyinshi. A ɗauka, don misali, nauyin lissafi 5 ne, na tarihi 2. Ɗalibi na farko ya samu 6 a lissafi, 16 a tarihi. Na biyu ya samu 14 a lissafi, 8 a tarihi. In aka tara hakanan, kowa yana da 22. Amma in aka ninka, na farko yana da 30 da 32, wato 62, a raba da 7, bai kai 9 ba. Na biyu yana da 70 da 16, wato 86, a raba da 7, ya wuce 12. Ɗaya ya faɗi, ɗaya ya ci.

Wasu ɗalibai suna ganin an tara waɗannan darussa ne don a tare masu hanya. Suna cewa: mene ne haɗin lissafi da ciwon ciki? Amsar tana gidan likita.

Ga jariri mai kilo 10, an kawo shi yana zawo tun jiya. Idanunshi sun faɗa, madigarshi ta lotsa, in aka ja fatar cikinshi ba ta komawa da sauri. Ilimin halittu ya nuna cewa fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, na jariri kuwa ya kai wajen kashi 70 cikin 100. Litar ruwa guda nauyinta kilo guda ne. In wannan yaro ya zubar da lita guda, ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinshi, kuma ranshi yana cikin haɗari. Ba zawon da kanshi ke kashe yaro ba, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne.

To, sai a ba shi ruwa mana? Ruwa zalla ba ya isa, domin tare da ruwan ya zubar da gishiri. A nan shimi ke shigowa. Gishirin miya abu biyu ne a haɗe, sodiyom da kulor. Sukari kuma, in ya isa hanji, yana rabuwa ya ba da wani sukari mai suna gulukos. A wajen 1960 masana suka gano wani abin mamaki: a bangon hanji akwai ƴan ƙofofi waɗanda sodiyom ba ya wucewa ta cikinsu sai tare da gulukos, kamar abokai biyu da ba a buɗe ma ɗaya sai ɗayan ya zo. In sun wuce, ruwa ya bi bayansu ya shiga jini. Kuma waɗannan ƙofofi suna aiki ko da yaro yana zawo. Daga nan aka samo ruwan gishiri da sukari. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin ƴan gudun hijira a ƙasar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos cikin manyan duro ana ba mutane suna sha. Kafin haka wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa. Bayan haka ba su kai 4 ba.

Amma haɗin yana da ƙa'ida. Lita guda ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ƙunshin da ake bayarwa a gidan likita an riga an auna shi, shi ya fi, a zuba shi cikin lita guda daidai. In gishiri ya yi yawa yana cutar da yaro. In sukari ya yi yawa zawon ƙaruwa yake yi. Mai son ganin dalili ya yanka albasa ko tumatir, ya barbaɗa gishiri, ya jira kaɗan. Zai ga ruwa ya fito. Ruwa yana barin inda gishiri ko sukari ya yi kaɗan, ya nufi inda ya yi yawa. Sunan wannan osmos. Haka sukari mai yawa a cikin hanji yake jawo ruwa daga jikin yaro, maimakon ya mayar mashi. Duk ɗan lise na sashen D ana koya mashi osmos, kuma ana tambayarshi a jarrabawa. Mai soya miya ma yana ganinshi kullum, bai dai san sunan ba.

In yaron ya galabaita har ba ya iya sha, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Kowa ya taɓa ganin ledar ruwan nan a rataye bisa sanda, sama da gado. Me ya sa ake rataye ta sama? Dalilin da ya sa ake gina shato na gari bisa dogayen ƙafafu, shi ne dalilin. Gwargwadon tsawon da ruwa ya sauko, gwargwadon ƙarfin turawarshi. In aka sauke ledar ƙasa da hannun marar lafiya, ruwa ya daina shiga, jini ya fara hawa cikin tiyo. Wannan fizik ne. Sauran aikin na lissafi ne. A tiyon da aka saba amfani da shi ga manya, ɗigo 20 ne mililita guda. In likita ya ce leda mai mililita 500 ta ƙare cikin awa 4, ɗigo 10.000 ke nan cikin minti 240, wato wajen ɗigo 42 a minti guda. Mai jinya yana tsayawa da agogo yana ƙirgawa.

Akwai inda kuskuren lissafi ba ya gyaruwa. Maganin yara ana auna shi da nauyin yaro. Parasetamol, misali, miligaram 15 ake ba kowane kilo a sha guda. Yaro mai kilo 12 zai sha miligaram 180. In siro ne wanda kowace mililita take ɗauke da miligaram 24, a raba 180 da 24, a samu 7,5. Mililita bakwai da rabi. Wanda ya manta ɗan waƙafin nan na tsakiya ya rubuta 75, ya ninka maganin sau goma, kuma hantar yaro ce za ta biya. Auna magani aikin likita ne, ba na ƴan makaranta ba. Amma yaron da Malam ya rage mashi maki don ya ajiye waƙafi inda bai kamata ba, kada ya yi gunaguni.

Sauran kayan aikin likita duk ƴaƴan fizik ne. Ma'aunin zafi na kwalba yana aiki ne don ruwan da ke ciki yana kumbura in ya ji zafi. Jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Abin sauraren ƙirji wani likitan Faransa mai suna Layenek ya ƙago shi a 1816, kuma na farkon takarda ce kawai ya naɗe. Duk mai kaye zai iya naɗe shi ya aza ga ƙirjin abokinshi ya ji. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wani masanin fizik na Jamus mai suna Rontgen ya gano shi a 1895.

Darasin da ya fi ba ɗaliban sashen D wuya, kuma ya fi daɗi ga wanda ya gane shi, shi ne darasin gado. Ba gadon gona da dabbobi ba, gadon jini. Wanda ya fara gano ƙa'idojinshi wani malamin coci ne mai suna Mandel, a tsakiyar Turai. Ya yi shekaru yana shuka wani irin wake a lambu, yana haɗa iri, yana ƙirga abin da ya fito, har ya bayyana sakamakon a 1865. Da ƙirga ya gano abin, ba da madubi ba.

A ƙasar hausa wannan darasi ba labarin wake ba ne. Akwai ciwon da ake ce ma amosanin jini, ko sikila. Ƙwayoyin jini ja na mai lafiya zagayayyu ne, masu laushi, suna kwana wajen 120 suna aiki. Na mai wannan ciwo suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma ba su wuce kwana 10 zuwa 20 sai su mutu. Shi ke kawo ciwon gaɓoɓi mai tsanani da ƙarancin jini. Ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukarshi wurin wani. Kowane mutum yana karɓar iri biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Iri mai lafiya ana kiranshi A, mai ciwon S. Mai AA lafiya lau. Mai AS shi ma yana zaune lafiya, har ma masassarar cizon sauro mai tsanani ba ta cika kayar da shi ba, amma yana ɗauke da irin. Mai SS shi ne marar lafiya.

In uba AS ne, uwa ma AS, me ɗiyansu za su zama? Uba zai ba da A ko S, uwa ma haka. Hanya huɗu ke nan: A da A, A da S, S da A, S da S. Ɗaya cikin huɗu ita ce SS. A nan ne mai hadda ke faɗawa rami. Sai ya rubuta cewa in sun haifi ɗiya huɗu, guda ne zai yi ciwon, saboda haka in na fari ya yi, sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowace haihuwa sabon jifa ce. Mai son gwadawa ya samu kuɗin ƙarfe biyu, ya sa ma fuska guda suna A, ɗayar S, ya jefa su tare sau 40, yana rubuta abin da ya fito. SS zai fito wajen sau 10, amma wani lokaci sau biyu ko uku a jere, wani lokaci a daɗe bai zo ba. Kuɗin ba su tuna jifar da ta wuce. Wata rana likita zai zauna gaban saurayi da budurwa da aka gwada jininsu kafin aure, ya bayyana masu wannan da hausa. In shi kanshi bai gane ba, me zai gaya masu?

Hadda tana da amfaninta. Ƙasusuwan babban mutum 206 ne, zuciya ɗaki huɗu gare ta, waɗannan sai an riƙe su a ka. Yaran da suka yi makarantar allo sun saba da riƙewa, kuma baiwa ce. Amma masu shirya jarrabawar kimiyya ba su cika cewa a maimaita abin da ke cikin kaye ba. Sukan ba da zane, ko jerin lambobi, ko labarin wani gwaji, su ce a bayyana.

Ga wata ɗalibar ajin ƙarshe na lise. Ta haddace darasin masassarar cizon sauro tsaf. Ta san Laberan ne ya fara ganin ƙwayar cutar cikin jinin marar lafiya a Aljeriya a 1880, ta san Ros ne ya gane a Indiya a 1897 cewa sauro ke ɗaukarta. Ran nan malaminsu ya zana layi biyu a tablo. Na farko yawan ruwan sama, ya hau ya kai ƙololuwa a watan Agusta. Na biyu yawan masu masassara a gidan likita, shi kuma sai a Satumba da Oktoba ya kai tashi ƙololuwar.

Malam ya ce: «Me ya sa layin na biyu ya makara?»

Ta yi shiru. Can ta ce: «Malam, ba ka ba mu wannan a kaye ba.»

Ya ce: «Gaskiyarki, ɗiyata. Amma na ba ki abin da za ki gano shi da shi. Ina sauro ke yin ƙwai?»

«Cikin ruwan da ya kwanta, Malam.»

«Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana nawa?»

«Wajen kwana goma, ko sati biyu.»

«Da ya tashi, sai ya ba mutum ciwo?»

Ta ce: «A'a. Sai macen ta ciji mai ciwon tukuna. Ƙwayar kuma sai ta yi fiye da kwana goma cikin sauron kafin ta isa ga miyaunshi.» Ta tsaya, sa'an nan ta ci gaba da sauri: «Kuma in ta shiga jikin mutum, hanta take fara zuwa, sai bayan sati guda ko biyu zazzaɓi ya taso. In aka tara su duka, Malam, an wuce wata guda.»

Ya miƙa mata alli, ya ce ta rubuta ma ƴan aji. Duk abin da ta faɗa yana cikin kayenta tun farko, a shafi uku dabam-dabam. Ba ta taɓa haɗa su ba sai ran nan. Kuma da wannan lissafi ne ake gane cewa sabuwar masara da ake ɗora ma laifin zazzaɓin kaka ba ta da laifi. Lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya.

Akwai wani shinge kuma, na harshe. Kimiyya a lise da jami'a da faransanci ake koyar da ita, da shi ake jarrabawa. Ɗalibi yana iya sanin amsa ya faɗi, don bai gane tambayar ba. In an ce ya kwatanta, shi kuma ya bayyana dalili, ya yi aikin banza. Saboda haka mai son likita ba ya wasa da faransanci. Kalmomin likita masu ban tsoron nan kuwa yawancinsu gutsattsarin girkanci da latinanci ne aka ɗinke. Yawancin sunayen cututtukan da suka ƙare da «it» suna nufin kumburi: epatit kumburin hanta, otit kumburin kunne, menenjit kumburin rigar ƙwaƙwalwa, wato sanƙarau. Wanda ya san gutsure talatin ya buɗe kalmomi ɗaruruwa. Ɗan aji mai harshe biyu yana da wata dabara da zai gwada kanshi da ita: ya rufe littafi, ya bayyana ma ƙanenshi darasin da hausa. In ya kasa, bai gane ba tukuna, kalmomi kawai ya riƙe. Kuma matar da za ta kawo mashi jaririnta wata rana, da hausa za ta faɗi abin da ke damun shi, ko da zabarmanci, ko fulatanci, ko tamajak, ko barbarci.

Babban masanin da aka sa ma jami'ar Yamai sunanshi a 1992, Abdu Mumuni, ya yi wannan tunani tun da daɗewa. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatu a Senegal da Faransa, ya zama gwani a fizik. Daga 1969 ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na Nijar, ya kuma shugabanci jami'ar daga 1979. A littafin da ya wallafa a 1964 game da ilimi a Afirka ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Ya rasu a 1991. Ba likita ba ne, amma duk likitan da ya fito daga jami'ar Yamai tun daga 1992, sunan wannan ɗan Tasawa ne bisa takardarshi.

Yadda ake karatun kuwa ba wani asiri gare shi ba. Lissafi da fizik da shimi ba a karanta su kamar tatsuniya, da alli ko alƙalami a hannu ake yin su. Wanda ya kalli Malam yana warware matsala ya ce ya iya, kamar wanda ya kalli mai iyo ne daga bakin tafki. Sai ya rufe kaye ya sake yin ta shi kaɗai. A garuruwa ana ganin ƴan lise uku ko huɗu da dare, sun shafa baƙin fenti jikin bango sun yi tablo, ɗaya yana rubutu sauran suna kama mashi kuskure. Wannan ya fi zaman mutum guda yana gyangyaɗi bisa littafi. Suna neman tambayoyin shekarun baya su yi su da agogo a gaba, domin a ɗakin jarrabawa lokaci ma abokin gaba ne. A ilimin halittu zane ya fi dogon rubutu: wanda ya zana zuciya sau biyar da hannunshi, ya sa ma kowane ɗaki suna, ba ya mantawa. Awa guda kowace rana tun daga watan Oktoba ta fi kwana ba barci a watan Mayu, lokacin da zafi ya hana kowa sakat. Masu shan shayi da ƙwayoyi don su hana ido barci suna cutar kansu, domin cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da ta koya.

Ƴan mata suna da nasu nauyi. Yarinya ta dawo daga makaranta, ga daka, ga ɗebo ruwa, ga rainon ƙanne, ɗan'uwanta kuwa yana zaune da littafi. Gidan da ke son ɗiyarshi ta zama likita sai ya rage mata aiki, ko awa guda ce da marece. Mata da yawa suna ɓoye ciwonsu don ba su son namiji ya duba su. Likita mace guda a gari tana ceton rayukan da ba a ƙirga ba.

Ba kowa ke samun shiga ba, ko da ya yi ƙoƙari. Wani ya sake gwadawa baɗi. Wani ya bi hanyar ungozoma, ko jinya, ko gwajin jini, ko haɗa magani. Makarantar kiwon lafiya ta ƙasa tana horar da irin waɗannan ma'aikata a Yamai da Damagaram, kuma a yawancin ƙauyuka su ne ke riƙe da gidan likita dare da rana. Su ma osmos ɗin nan da ƙirgar ɗigo suke aiki da su.

Ɗan firamare ba sai ya jira lise ba. Ga aikin da za a yi yau a aji. Kowa ya aza yatsu biyu, manuni da na tsakiya, bisa wuyan hannunshi ta gefen babban yatsa, har ya ji jijiya tana harbawa. Malam ya duba agogo, a ƙirga na minti guda, kowa ya rubuta nashi a allo. Na babban mutum yana tsakanin 60 da 100, na yara yakan ɗara kaɗan. Sa'an nan a fita fili a zagaya makaranta da gudu, a dawo a sake ƙirgawa nan take, a kuma sake bayan minti biyar. Lamba uku ke nan. Kowa ya faɗi da hausa abin da ya sa ta biyu ta fi ta farko, da abin da ya sa ta uku ta sauko, sa'an nan ya rubuta jimla guda da faransanci. Ƴan babban aji su ƙara da wannan: zuciya mai bugawa sau 70 a minti guda, sau nawa take bugawa daga asubar yau zuwa asubar gobe?